Ƙanƙarar da Take Cin Wuta: Yadda Aka Koyi Busar da Iskar Gas



Duk wanda ya taɓa sayen sabon takalmi a kwali, ko jaka, ko robar magani, ya san 'yar ƙaramar takardar nan da ake tararwa a ciki, mai ƙunshe da wasu ƙwayoyi kamar tsakuwar gilashi, da gargaɗi a jikinta cewa kada a ci. Yawancinmu jefar da ita muke yi. Sunan ƙwayoyin silika jel, aikinsu kuwa shanye danshin da ke cikin kwalin don kada kayan su yi fumfuna kafin su iso kasuwa. Tarihin da zan kawo yau na manyan yayyen wannan 'yar takarda ne, wato tankunan ƙarfe masu tsayin bene, cike da irin waɗannan ƙwayoyi tan a kan tan, waɗanda ake ratsa iskar gas ta cikinsu don a raba ta da ruwa.

Bari in share wani ruɗani tun da wuri. Gas ɗin da muke cikawa a tukunya don girki daban ne da wanda nake nufi. Na girki haɗin furofen da butan ne, kuma ruwa-ruwa yake a cikin tukunyar. Wanda nake magana a kai shi ne wanda ke fitowa daga rijiya kai tsaye, mafi yawansa sinadarin miten, ana tura shi ta bututu zuwa tashoshin lantarki da masana'antun taki. Wannan gas ya shafe miliyoyin shekaru a ƙarƙashin ƙasa yana maƙwabtaka da ruwan gishiri, cikin zafi, saboda haka yana fitowa ne ɗauke da tururin ruwa iya abin da zai iya ɗauka. Da zarar ya huce sai ya fara sauke shi. Kun ga yadda ledar ruwa mai sanyi take zufa idan an fito da ita daga firiji? Danshin iskar ɗakin ne ya taɓa wuri mai sanyi ya koma raɓa. Haka gas yake yi a cikin bututu, sai dai abin da ke biyo baya ya fi raɓa muni.

Labarin ya faro ne a wani ɗakin gwaje-gwaje a Landan, tun ba a yi mafarkin dogon bututun gas ba. Masanan wancan zamani sun lura cewa idan aka sanyaya iskar kulorin, sinadarin nan da muke jin warinsa a ruwan famfo, wasu daskararrun ƙwayoyi rawaya sukan fito, sai kowa ya ɗauka kulorin ɗin ne ya daskare. A 1810 Humphry Davy ya nuna an yi kuskure. Ya busar da iskar sarai, ya sanyaya ta matuƙa, ta ƙi daskarewa. Da ya haɗa ta da ruwa kuwa sai ga ƙwayoyin, alhali sanyin bai ma kai wanda ruwa zalla ke zama ƙanƙara ba. Ashe ruwan da iskar ne suka haɗu suka haifi wani abu na uku. A riƙe wannan a rai, domin maganin matsalar da za ta zo ta addabi injiniyoyi bayan fiye da ƙarni guda yana cikin wannan gwaji: busasshiyar iska ba ta yin ƙanƙarar.

Almajirinsa Michael Faraday ya ɗauki ƙwayoyin a 1823, ya rufe su a kwalbar gilashi ya ɗumama, sai ya ga wasu ɗigo kamar na mai sun taru a gefe. Kulorin ne ya koma ruwa saboda matsi. Daga nan Faraday ya shiga aikin mayar da iskoki iri-iri ruwa, aikin da jikokinsa su ne masana'antun da ke narkar da gas a yau. A 1888 kuma Bafaranshe Paul Villard ya nuna cewa miten ma yana yin irin wannan ƙanƙara da ruwa idan an matsa shi. Aka rubuta, aka buga a mujallun masana, aka ajiye. Babu wanda ya ga amfaninta, babu wanda ya ga illarta.

Daga nan sai mu haye Amurka. Har zuwa shekarun 1920, manyan biranen ƙasar da gas ɗin da ake sarrafawa daga kwal suke kunna fitilu da murhu. Gas na rijiya kuwa masu haƙar mai kallon ƙarfen ƙafa suke yi masa, su ƙone shi ko su sake shi sama, don bututun zamanin gajeru ne kuma suna yoyo a mahaɗa. Abin ya sauya a ƙarshen shekarun 1920, lokacin da aka iya ƙera manyan bututun ƙarfe masu jure matsi, aka kuma iya haɗa su da waldar lantarki. An riga an gano wani makeken filin gas a arewacin jihar Tekzas, kusa da garin Amarillo, tun 1918. A 1931 aka kammala bututu mai faɗin inci 24 daga wannan yanki har birnin Cikago, tafiyar kusan kilomita 1,600. Tura gas wannan nisa sai da matsi mai yawa, saboda haka aka jera injunan matsa iska a kan hanya.

To, sai hunturu ya zo da abin da ba a shirya masa ba. Bututai suka riƙa toshewa, kuma a daidai lokacin da jama'a suka fi buƙatar gas don ɗumama gidajensu. Idan ma'aikata suka buɗe, sai su tarar da wani farin abu kamar dusar ƙanƙara ya cushe hanya. Hankali ya ba kowa cewa ruwan da ya taru ne sanyi ya daskarar, kuma duk wanda ya gani da ido haka zai ce. Abin da ya ƙi zama daidai shi ne toshewar tana faruwa har a lokutan da sanyin cikin bututun bai kai na daskarar ruwa ba. Ruwa ba ya zama ƙanƙara sai a digiri 0 a ma'aunin Salshiyos. Wace irin ƙanƙara ce wannan da take fitowa a digiri 5 ko 10?

Wanda ya amsa tambayar wani masanin sinadarai ne mai suna E. G. Hammerschmidt, ma'aikacin kamfanin gas na Texoma a garin Fritch da ke wancan yanki na Tekzas. A 1934 ya buga sakamakon bincikensa, inda ya nuna cewa abin da ke toshe bututun shi ne abin nan da Davy da Villard suka gani a kwalba, wanda masana ke kira haidiret. Ni dai zan kira shi ƙanƙarar gas, har sai wani a cikinmu ya kawo sunan da ya fi. Ya kuma lissafa sharuɗɗan haihuwarta: sai da ruwa, sai da matsi mai yawa, sai da ɗan sanyi, kuma gudu da motsin gas ɗin suna gaggauta ta. Shekara 124 ke nan tsakanin gwajin Davy da wannan rubutu. Abin da ya fi burge ni game da Hammerschmidt shi ne bai ƙirƙiro komai ba. Ya ƙi yarda da amsar da ido ya bayar, ya koma ya duba abin da magabata suka rubuta aka manta.

Sai a farkon shekarun 1950 aka gano ainihin tsarin wannan ƙanƙara. Ƙwayoyin ruwa ne ke haɗa hannu su gina ƙananan keji, kowane keji ya kulle ƙwayar gas ɗaya a ciki, kuma gas ɗin da aka kulle shi ke tallafe kejin ya hana shi rushewa. Shi ya sa take iya tsayawa a ɗumin da ƙanƙarar gaske za ta narke. Miten zalla yana yin ta a digiri 10 idan matsi ya kai wajen ninki 70 na iskar da muke shaƙa, kuma idan akwai ɗan furofen a cikin gas ɗin, kamar yadda aka saba, tana iya fitowa har sama da digiri 15. Dunƙule ɗaya idan ya narke yana sakin gas da ya ninka girmansa kusan sau 160. In ka ƙyasta mata ashana sai ta kama da wuta, ruwa yana ɗiga daga ƙasanta. Wannan ne ma ya sa cire ta ke da haɗari. Wanda ya gasa bututu da wuta a daidai toshewar yana iya fasa shi, wanda kuma ya rage matsi ta gefe ɗaya kaɗai yana iya mayar da dunƙulen harsashi, ya taho da gudu ya fasa bututun a kwana.

Da aka san cutar, hanya biyu ta buɗe. Ta farko ita ce a zuba wa gas ɗin wani sinadari irin metanol da zai hana kejin ginuwa, kuma Hammerschmidt da kansa ya fitar da lissafin yawan da za a zuba, lissafin da har yau ake koyarwa da sunansa. Wannan tana aiki, kuma ana amfani da ita a bakin rijiyoyi da ƙarƙashin teku, amma kullum sai ka sayi sinadarin, ruwan kuma yana nan yana haɗuwa da iskar kabon da ke cikin gas ya zama asid mai cin ƙarfe ta ciki. Ta biyu ita ce ta Davy: a cire ruwan gaba ɗaya.

Abin da aka fara gwadawa ya haɗa da wani gishiri mai suna kalsiyom kulorayid, wanda ke shan danshi har ya narke ya koma ruwa, kamar yadda gishirin miyarmu yake jiƙewa a watan Agusta, sai dai nasa ya fi tsanani. Yana da arha, amma idan ya narke ya ƙare, sai a zubo sabo. Daga tsakiyar shekarun 1930 aka shigo da gilaikol, wani ruwa mai kauri kamar zuma mai tsananin son danshi. Ana kwararo shi daga saman tanki, gas yana hawa daga ƙasa, su gamu a tsakiya ya ƙwace ruwan, sannan a tafasa shi a wajen digiri 200 ruwan ya fita a sake amfani da shi. In gaskiya za a faɗa, yawancin gas ɗin da ke cikin bututun duniya a yau da gilaikol aka busar da shi, don ya fi sauƙin kuɗi kuma ya isa cika ƙa'idar bututu. Ƙa'idar da aka saba da ita a Amurka ita ce kada ruwa ya wuce kimanin lita 3 a cikin kubik mita 28,000 na gas.

Amma akwai inda gilaikol ba ya kaiwa, nan ne busassun ƙwayoyin suka shigo, kuma su ma da tarihinsu.

Silika jel dai an san shi tun ƙarni na 17, shi ma a matsayin abin mamaki kawai. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya fito da shi, lokacin da ake neman abin da za a sa a takunkumin sojoji ya kama iska mai guba. Walter Patrick, farfesan sinadarai a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore, ya samu takardar mallakar hanyar sarrafa shi da yawa a 1919. Asalinsa sinadari ɗaya ne da yashi, amma an huhhuje shi da ramuka ƙanana da ido ba ya gani, ta yadda idan aka shimfiɗa bangon ramukan da ke cikin giram 10 kacal, faɗinsu zai kai filin ƙwallo.

A nan akwai wata 'yar gaɓa da ta shafe mu masu rubutu. Nakan ce ƙwayoyin suna “shanye” danshi, amma kalmar ba ta faɗi gaskiya duka ba. Soso yana shan ruwa, gilaikol ma sha yake yi, ruwan ya shige jikinsa su gauraya. Silika jel kuwa ruwan maƙalewa yake yi a bangon ramukan, kamar yadda raɓa take kwanciya a kan ganye ba tare da ta shige shi ba. Shi ya sa ƙwayar da ta ƙoshi da ruwa, wani lokaci har kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinta, in ka taɓa ta za ka ji ta a bushe. Turawa kalma biyu suke da ita da harafi ɗaya ya raba su, ɗalibai suna ta rikicewa a jarrabawa. Mu “sha” da “maƙale” ba sa ma kama da juna, kuma ina ganin a wannan wuri mun fi su sa'a.

Gwanin busarwa na gaske kuwa daga dutse ya samo asali. A 1756 wani masanin ma'adinai ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, ya gasa wani dutse ya ga yana kumfa yana fitar da tururi kamar tukunya a kan wuta, sai ya raɗa masa suna ziyolayit, wato dutse mai tafasa a harshen Girka. Ruwan da ke ɓoye a ramukansa ne ke fita. Daga baya aka lura cewa idan dutsen ya huce yakan sake jawo ruwa, kuma ramukansa, saɓanin na silika jel da suke manya da ƙanana barkatai, duk girmansu ɗaya ne. A 1932 James McBain ya ba irin waɗannan duwatsu laƙabin da ya bi su har yau, wanda a Hausa ya yi daidai da rariyar ƙwayoyin sinadari: mai ƙanƙanta ya shige, mai girma ya tsaya a waje. Matsalar ita ce irin da ake so ba ya samuwa da yawa a ƙasa. Richard Barrer ya yi ta ƙoƙarin haɗa shi a ɗakin gwaji a Ingila cikin shekarun 1940, sannan a 1949 Robert Milton na sashen Linde a kamfanin Union Carbide ya gano hanyar dafa shi cikin sauƙi, a zafin da bai wuce na tafasar ruwa ba. Shi Milton abin da yake nema daban ne, so yake ya raba iskar oksijin da naitirojin. Donald Breck ya zo ya haɗu da shi, kuma a 1954 kamfanin ya fito da rariyar kasuwa. Cikin ayyukan farko da ta samu har da busar da gas ɗin firiji da iskar gas.

Ana auna ramukan da wani awo mai suna angistirom, wanda sai ka raba milimita ɗaya gida miliyan 10 kafin ka samu ɗaya. Ƙwayar ruwa ba ta kai 3 ba, ta miten kuwa wajen 3.8 ce. Rariya mai rami 3 ke nan ruwa kaɗai take bari ya shiga. Mai rami 4, wadda aka fi amfani da ita, ko da miten ya leƙa ba ya zama, domin bangon ramin yana jan ruwa da ƙarfin da ya ninka wanda yake jan miten nesa ba kusa ba.

Yadda na'urar take aiki ba shi da wuyar ganewa. Ana tsayar da tankuna aƙalla biyu, kowanne cike da ƙwayoyin. Jiƙaƙƙen gas yana shiga na farko ta sama ya fita ta ƙasa a bushe. Ƙwayoyin saman su ke fara ƙoshi, sai na ƙasansu, iyakar jiƙar tana sauka sannu a hankali kamar yadda ruwan sama yake nutsewa cikin ƙasa. Kafin ta kai gindi, yawanci bayan awa 8 zuwa 24, sai bawul ya juya gas ɗin zuwa tanki na biyu. Shi kuma na farko sai a hura masa gas mai zafin digiri 200 zuwa 300 daga ƙasa zuwa sama, zafin ya kori ruwan da ya maƙale, a sanyaya tururin a waje a zubar. Daga nan a bar tankin ya huce, don ƙwaya mai zafi ba ta riƙe ruwa, ya jira juyinsa. Ɗaya na aiki ɗaya na gashi, dare da rana, shekara uku zuwa biyar kafin ƙwayoyin su gaji a sauya su. Babban maƙiyinsu, abin mamaki, shi ne ruwa a siffarsa ta ruwa. Tururi suke iya ɗauka. Idan guguwar ruwa ko mai ta kuɓuce ta faɗo musu sai su farfashe su zama gari, ko ramukan su toshe, shi ya sa kullum akwai matata a gabansu.

Abin da ya mayar da rariyar dole shi ne safarar gas ta teku. Idan aka sanyaya miten zuwa digiri 162 ƙasa da sifili yakan koma ruwa, girmansa ya ragu kusan sau 600, ya shiga jirgi. A 1959 jirgin Methane Pioneer ya ɗauki irin wannan kaya daga Luwiziyana ta Amurka zuwa tsibirin Canvey a Ingila, a 1964 kuma masana'antar Arzew ta Aljeriya ta fara fitar da shi a kai a kai. A irin wannan sanyi, ɗan danshin da bututu zai yafe ya isa ya daskare ya toshe siraran hanyoyin injin sanyaya, masana'anta ta tsaya cak. Ana buƙatar ruwan ya sauka ƙasa da kashi 1 cikin miliyan, kuma rariyar ziyolayit ce ke kai shi can. Masana'antar da ke tsibirin Bonny a jihar Ribas, wadda ta fara lodin jirgi a watan Oktoba na 1999, ita ma sai gas ɗinta ya bi ta irin waɗannan tankuna kafin ya ga sanyi.

Kada a ɗauka an gama da ƙanƙarar gas. A 2010, bayan fashewar dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon a Tekun Meziko, wadda ta kashe ma'aikata 11, an saukar da wani ƙaton murfin ƙarfe zurfin kusan mita 1,500 don a kife rijiyar a zuƙe man ta sama. Gas ya gamu da ruwan teku mai sanyi a ƙarƙashin matsi, ƙanƙarar ta cika murfin ta toshe bakinsa, dole aka janye shi gefe.

Wani zai ce duk wannan labarin ƙasashen sanyi ne, ina ruwan Kano da ƙanƙara? Da ruwanta. A 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40, kuma gas ɗin da zai bi ta cikinsa a matse zai zo. Gas yana yin sanyi idan aka sassauta masa matsi farat ɗaya, kamar yadda za ka ji iskar da ke fita daga bawul ɗin taya a wurin mai faci tana da sanyi-sanyi. Ƙiyasin da injiniyoyi ke amfani da shi shi ne kusan rabin digiri a kan kowane ninki ɗaya na matsin da aka rage. A tashar da za a sauke matsi daga ninki 70 zuwa 20 don a raba wa masana'antu, gas ɗin da ya iso da ɗumin ƙasa na digiri 30 yana iya faɗowa wajen digiri 5, ko da a watan Afrilu ne rana tana tsaka. In da ruwa a cikinsa, sharuɗɗan Hammerschmidt sun cika a nan Kano.

Na kusa da mu ma shi ne motoci da Keke Napep da ake mayarwa masu amfani da matsattsen gas tun bayan cire tallafin fetur a 2023. Tukunyar da ake ɗaura musu tana ɗaukar matsi har ninki 200. Idan gas ɗin da aka ɗura mata da danshi, ruwan zai kwanta a gindinta yana cin ƙarfen ta ciki, inda mai motar ba zai taɓa gani ba, kuma yana iya daskarewa a na'urar rage matsi mota ta riƙa shaƙewa a hanya. Saboda haka a tsarin gidan sayar da irin wannan gas, kusa da injin matsawa, akan sa tankunan busarwa, ƙanana bisa na Bonny amma aikinsu ɗaya. Direban da ya tsaya shan gas yana da haƙƙin ya tambayi masu gidan ko suna da su, da kuma yaushe rabon da a sauya ƙwayoyin da ke ciki.